Kunne Ya Girmi Kaka: Kiɗan Duniya Da Karatun Ƙaramin Yaro



Duk wanda ya zauna a Daurawa ya san unguwa ce da ba ta rabo da sauti. Da asuba lasifikokin masallatai, da hantsi 'yan Adaidaita Sahu da ke kai-komo a titin Maiduguri kowa da waƙar da ya ƙure a kekensa, da la'asar muryoyin 'yan Islamiyya suna bita, da dare kuma in ana biki a layin baya, sai mai kiɗa ya ga dama za a runtsa. A tsakanin waɗannan duka ga waya, tana hannun uwa, tana hannun yaya, tana hannun 'yar aiki. Yaron da ya taso a nan, kafin ya iya riƙe fensir ya ji waƙoƙin da ba su ƙirguwa. Saboda haka zancen ko yaro zai ji kiɗa ko ba zai ji ba, unguwa ta riga ta yanke mana shi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne: wane irin kiɗa zai ji, kuma wa ke zaune kusa da shi lokacin da yake ji?

Ina da 'ya 'yar shekara shida, da Auta muke kiranta. Kusan shekara biyu ke nan muna da wata 'yar al'ada ni da ita. Duk daren Asabar bayan sallar isha'i sai mu saurari waƙa ɗaya ko kiɗa ɗaya daga wata ƙasa, sannan mu nemo ƙasar a taswirar duniya da na saya hannun wani mai talla a wajen gadar Dangi na manna a bangon falo. Kayan aikinmu tsohuwar waya ce, da ƙaramar lasifika, da memorin da masu tura waƙoƙi na Farm Centre suka zuba mini wasu a kai, sauran kuma na sauke daga YouTube ranar da data ta samu. Ba ma wuce minti ashirin. A cikin waɗannan mintuna na ga Hausa, da lissafi, da kimiyya, da labarin ƙasa, da tarihi sun shigo falonmu ba tare da an ambaci sunan ko ɗaya ba. Abin da nake son mu tattauna ke nan a wannan mako, domin akwai aiki a ciki da ke jiran marubuta.

Daga gida muka fara, don tsuntsun da bai san kukan gidansu ba, ba zai bambance na wani ba. Hajiya, mahaifiyata, ita ta zaɓa mana marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Auta ba ta damu da muryar Shata ba, kalangun ne ya ɗauke mata hankali. Ta ce, “Abba, wannan gangar kamar magana take yi.” Hajiya ta ce, “Kishiya, ashe kunnen naki ba na ado ba ne. Magana take yi mana.” Sai ta nuna mata da hammata yadda makaɗi ke matse tsirkiyoyin kalangu muryarsa ta hau, ya sassauta ta sauka. Daga nan suka ƙirƙiro wasa: Hajiya ta rufe baki ta yi guɗar kalma ta hanci, Auta ta faɗi wace ce. Kuka na hawaye ko kuka ta miya? Wuya na jiki ko wuya ta wahala? A rubutun boko harufansu ɗaya ne, karin sauti ne kaɗai ya raba su. Hausa tana da karin sauti na sama, da na ƙasa, da mai faɗuwa, tana da dogon wasali da gajere, kuma ba ma nuna ko ɗaya a rubutunmu na yau da kullum. Wato mai karanta Hausa da kunnensa yake cike gurbin da alƙalami ya bari. Yaron da aka wasa masa kunne tun yana ƙarami, ranar da aka ce ya tashi ya karanta a aji, za ka ji yana faɗin kalmomi yadda ake faɗinsu a gida, ba yana tsintar harufa ɗaya-ɗaya ba.

Daren da muka je Afirka ta Kudu, Miriam Makeba muka saurara tana waƙa da harshen Xhosa, mai sautukan nan da ake ƙyasta harshe a dasashi. Auta ta yi ta dariya, ta kwana biyu tana gwadawa. Na gaya mata masu wannan harshe suna rubuta waɗannan sautuka da harufan c da q da x, kuma in aka ce ni in faɗe su sai na sha wuya. Na ƙara da cewa Bature ma haka yake fama da ɓ da ɗ da ƙ namu. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ashe mu ma muna da abin da ba su da shi?” Tun daga ranar take lanƙwasa ƙugiyar waɗannan harufa da kulawa kamar mai zanen lalle. Mu manya da muke rubuta “kasa” a inda muke nufin “ƙasa”, mu ce wai waya ce ba ta da harafin, ya kamata mu ɗan ji kunyar 'yar aji ɗaya.

Lissafi kuwa ta bakin turmi ya shigo. Hajiya ta ba ta labarin lugude, yadda mata biyu ko uku ke daka a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi, ba a taɓa yin karo. Suka gwada da ludayi biyu a kan akushi. Wannan rabon lokaci ne daidai wa daida: mutum biyu kowa rabi, mutum uku kowa sulusi. Da muka tsallaka Indiya muka ji gangunan tabla, sai na gaya mata makaɗan can suna da wani zagaye mai bugu 16 da suke kira tintal, wanda suke kasawa huɗu-huɗu. Ta kwaso marafan kwalaben lemo ta jera layi huɗu, kowane layi huɗu, tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya tare da kiɗan. Ba a kai ga koya musu sau a makaranta ba, amma ta ga huɗu sau huɗu da idonta, ta taɓa shi da yatsa. Wani zagayen nasu, rupak, bugu 7 ne: uku, biyu, biyu. Turkiyya kuma suna da kiɗa mai bugu 9 da ake kasawa biyu, biyu, biyu, uku, wanda in kana tafi sai ka ji kamar mai ɗingishi. Ta yi ƙoƙarin raba marafai tara gida biyu, ɗaya ya ƙi samun abokin zama. Nan ta gano akwai lambobin da ke rabuwa biyu cif, akwai masu barin saura.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne bugun uku a kan biyu, wanda ke cikin kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma da yawa, ya kuma tsallaka teku har Kuba. Ni ina tafi duk bayan ƙirga biyu, ita duk bayan ƙirga uku. Muka yi ta rikicewa, Hajiya na yi mana dariya, har dai ta lura cewa duk ƙirga na shida hannayenmu suke haɗuwa. Nan da 'yan shekaru malamin lissafi zai rubuta musu wannan a allo da dogon sunansa na Turanci, ya ce su nemo ƙaramar lambar da biyu da uku duk ke shiga cikinta. Ina fata a ranar tafin hannunta zai tuna mata.

Kada wani ya ɗauka shigo da kiɗan Indiya ko na wata ƙasa baƙon abu ne a Kano. Kunnen Bakano tun tuni ya saba da nesa. Iyayenmu sun cika sinimomi irin su Marhaba ta Farm Centre suna kallon finafinan Indiya, har masu bandiri suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin suna ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Wani Bature mai suna Brian Larkin ya zauna a Kano ya yi nazarin wannan, ya fitar da littafi a 2008. Abin da muka rasa shi ne zama da yaro a tambaye shi me ya ji.

Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ya zama malamin kimiyyarmu. Na nuna mata hoton kuntiginsa: gwangwani, da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tak. Ta ƙi yarda cewa duk wannan sauti daga tsirkiya ɗaya yake fitowa. Washegari muka samo gwangwanin kifi, da sanda, da zaren roba mai ƙarfi, muka haɗa namu. Sautinsa ba zai ci gasa ba, amma ya amsa tambayar. In ta danne zaren kusa da gwangwani, wurin da ke kaɗawa ya gajarta, murya ta yi sama. In ta danne daidai tsakiya, sai ta ji muryar farko ce ta dawo amma siririya, kamar uwa da 'yarta suna faɗin abu ɗaya. Wannan dangantaka ta biyu da ɗaya ita ake jinginawa ga Pythagoras na ƙasar Girka, kuma malamin falsafa Al-Farabi ya yi dogon bayani a kan irinta a babban littafinsa na ilimin kiɗa, fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Don ta ga cewa sauti girgiza ce, muka ɗaure leda a bakin kwano, muka barbaɗa gero a kai, ta matso da lasifika. Geron ya kama tsalle. Ta yi ihu har mahaifiyarta ta fito daga kicin da muciya a hannu.

Daga nan komai na gidan ya zama abin gwaji. Bayan mun ji marigayiya Barmani Choge da ƙoren amada, ta kifa ƙwarya a baho da ruwa ta gano cewa in ta danna ta cikin ruwan sauti na canzawa. Ta jera kwalabe da ruwa daban-daban tana bugawa da cokali. Ranar da muka je tsibirin Trinidad a taswira, na nuna mata makaɗan da ke yanke durom ɗin mai, su lotsa gindinsa gida-gida, kowane gida da muryarsa. Ta ce, “Irin durom ɗin da muke gani a Hotoro?” Na ce irinsa. Yaron da ya ga haka ya fara fahimtar cewa abin mamaki ba sai an shigo da shi a kwali daga waje ba, ana iya ƙera shi da abin da ke yashe a bola.

Labarin ƙasa shi ya fi zuwa da sauƙi, tunda kowace waƙa tana da garinsu. Mun saurari marigayi Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, yana kaɗa jita tare da Toumani Diabate mai kora. Kora tana da tsirkiya 21, goma sha ɗaya a hannun hagu, goma a dama, kuma sai da Auta ta tabbatar da jimlar da yatsunta da na Hajiya. Garin Ali Farka, Niafunke, yana bakin kogi. Na ɗora yatsanta a kan shuɗin layin, muka bi shi: daga tsaunukan Gini, ta Bamako, ta Niafunke, kusa da Timbuktu, ta Gao, ta Yamai, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, ya wuce Yawuri, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya faɗa teku. Kogin Kwara ke nan, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Ta lura da abin da ni na daɗe ina gani ban tsaya a kai ba: mafarin kogin yana kusa da teku, amma ya juya masa baya ya nufi hamada. Ta ce me ya sa bai bi gajeriyar hanya ba? Muka fita tsakar gida da buta, muka zuba ruwa, ta ga ruwa gangare yake bi, ba ya tambayar ina ne kusa.

Wani daren muka hau arewa zuwa Nijar, wurin Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita da hannun hagu. Na gaya mata kundin waƙoƙinsa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon waƙoƙin Hausa na zamani, kuma ta memorin waya waƙoƙin suka yaɗu hannu zuwa hannu a yankin Sahel kafin Turawa su san da shi. Ta kalli memorinmu na Farm Centre da wani sabon ido. Daga ranar kuma maigadin layinmu, wanda a da take tsoron rawaninsa, ya zama mutumin da ke da gari a taswira. Da kanta ta je ta gaishe shi ta tambaye shi yadda ake cewa sannu da Buzanci. Wannan darasi ba ya cikin jarrabawa, amma a garin da ya tara kowace ƙabila irin Kano, ban san wanda ya fi shi amfani ba.

Tarihi ya zo da daɗinsa da ɗacinsa. Mai daɗin shi ne algaita. Ta saba jin ta a hawan Sallah, sai ga ta a wani kiɗan Maroko, can suna ce mata gaita. Yaya aka yi suna ɗaya, murya ɗaya? Muka bi hanyar ayari da yatsa, daga kasuwar Kurmi, ta Agadas, har gaɓar Bahar Rum, na ce mata raƙuma ba gishiri da tufafi kaɗai suka ɗauko ba. Na ƙara mata da cewa littafin tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da aka fara a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Mai ɗacin kuwa banjo ne na Amurka. Tana ganin hotonsa ta ce, “Gurmi!” Ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin asalinsa daga irin waɗannan kayan kiɗa ne na Afirka ta Yamma, kuma bayin da aka tsallaka da su teku ne suka ƙera shi a can. Ta ce su wa suka kai su? Na gaya mata iya abin da 'yar shekara shida za ta ɗauka: an kama mutane an sayar, ciki har da Hausawa, an raba su da iyayensu, ba su tafi da komai ba sai abin da ke kansu. Na ce a birnin Salvador na ƙasar Brazil, a cikin azumin 1835, bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa, sun tashi neman 'yancinsu, an kuma samu takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Ta daɗe tana kallon faɗin shuɗin da ke tsakanin Legas da Brazil. A daren nan a ɗakin Hajiya ta kwana.

To, me masu bincike suka ce? A 2005 wasu masana biyu, Erin Hannon da Sandra Trehub, sun gwada jarirai da manya a Arewacin Amurka da kaɗe-kaɗen yankin Balkan masu bugu marar rabuwa daidai. Manya sun kasa gane inda aka ɓata bugun, amma jarirai 'yan wata 6 sun gane. 'Yan wata 12 sun riga sun fara zama kamar manya, kunnensu ya karkata ga kiɗan da suka saba ji, sai dai da aka riƙa kunna musu baƙon kiɗan a gida na mako biyu, sai suka dawo suna ganewa, manyan kuwa ba su samu irin wannan ci gaba ba. Hausawa sun riga sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kunne ma haka ne.

Amma a yi hattara da masu tallar cewa kiɗa maganin ƙwaƙwalwa ne. A 1993 an yi wani gwaji a Amurka da ɗaliban jami'a, aka kunna musu kiɗan Mozart na minti goma, suka ɗan fi ƙoƙari a wata jarrabawa, tasirin kuma bai wuce kwata na awa ba. Labari ya bi duniya ya zama wai Mozart na ƙara wa jarirai basira, har gwamnan jihar Jojiya ya nemi a 1998 a riƙa ba kowane jariri faifan kiɗa. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet sun tattara bincike fiye da 50 da aka yi a kan yara, suka nuna cewa in an tsaurara ma'auni, koyon kiɗa shi kaɗai ba ya ɗaga makin lissafi ko na karatu. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a falona. Da na kunna wa Auta kora na fice majalisa, da ba ta san Kwara ba. Waƙar tana haifar da tambaya ne, wanda ke zaune kusa kuma shi ke mayar da tambayar ilimi. A makarantarsu akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, inda suka kwafi sunayen kayan kiɗa daga allo suka haddace, ba su ji ƙarar ko ɗaya ba. Can an ba su amsa babu tambaya. Yaron da aka miƙa wa waya aka tafi kuwa, tambayoyinsa a iska suke ƙarewa.

Na san abin da ke zuciyar wasunku, domin wani dattijon malami maƙwabcina ya faɗa mini shi a ƙofar masallaci. Ya ce, “Abban Auta, na ji an ce makaɗan duniya kake tara wa yarinya. Ba ka tsoron abin da za ka saba mata da shi?” Na ce, “Allah Ya gafarta Malam, tsoron ne ya sa na zauna kusa da ita.” Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, ni kuma ba mai fatawa ba ne, kowane gida ya bi abin da malamansa suka tsayar masa. Sai dai babu saɓani a kan cewa kari yana riƙe ilimi a kan yaro. Jikokin Malam ɗin nan da rauji suke haddace Tuhfatul Aɗfal, baiti 61 na hukunce-hukuncen tajwidi. Alfiyyar Ibn Malik ta ɗaure nahawun Larabci a baiti dubu don a iya rera shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙin Fulatanci da Hausa ta ilimantar da matan karkara ta hannun jajinta. Shi kansa ilimin aruli, an ruwaito cewa Khalil bn Ahmad na Basra ya samo bakin zarensa ne daga jin bugun gudumar maƙera a kasuwa. Gidan da ba ya son ganga da tsirkiya, duniyar murya zalla ta ishe shi yawo: ƙasidun Shehu Ahmadu Bamba da ake rerawa a jam'i a Senegal, da mawaƙan Ladysmith Black Mambazo na ƙasar Zulu da ba sa riƙe komai a hannu, da makiyayan Mongoliya masu fitar da murya biyu daga maƙogwaro ɗaya, da gaɗar 'yan matanmu mai tafi kawai. Malam ya ce zai aiko jikarsa ranar da za mu je Senegal, kuma ya aiko ta.

Tsoron nasa yana da tushe, shi ya sa nake da ƙa'idoji. Ba na kunna abin da ban fara saurara ni kaɗai ba. In waƙa da harshen da ban sani ba ce, sai na nemi ma'anarta, domin baƙon harshe yana iya ɓoye batsa. Sauti muke ji, bidiyo sai in don a ga kayan kiɗan ne. Wannan ya zo da wata riba: tunda babu hoto, sai ta ɗauki takarda ta zana abin da take ji, ta kuma ba ni labarinsa. Kora ta zama ruwan sama a kan kwano, tabla ta zama dawaki biyu suna tsere. 'Yan uwa, wannan shi ne kamance da siffantawa da muke ta wahalar koya a wannan zaure.

Ga inda zancen ya iso kanmu. Ku shiga kowace makarantar nasare a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi da safe, za ku ji yara suna rera waƙoƙin renon Turawa masu zancen gadar Landan da dusar ƙanƙara, da yawansu ba su san ma'anar abin da suke faɗa ba. Ba laifin malamai ba ne, abin da suka samu a rubuce ke nan. Mu kuwa mun tattara ƙarfinmu kusan duka a kan labaran soyayya da rikicin kishiyoyi. Ina waƙar da za ta bi Kogin Kwara gari-gari? Ina ta watannin Musulunci da na Turawa, ta gaɓoɓin jiki, ta lambobi masu barin saura, ta ƙofofin Kano? Waƙoƙin daka da na niƙa da na reno suna tafiya tare da kakanninmu, injin markaɗe ya riga ya rufe bakin turmi. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasanni a farkon shekarun 1970, kuma har yau da wannan guzurin muke tafiya.

Muna da abin koyi a kan yadda ake ɗebo na nesa a mai da shi na gida. Alhaji Abubakar Imam, a Magana Jari Ce da aka wallafa a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Larabawa, da Indiya, da Turai, ya sa musu riga da hula har ba mai ce musu baƙi. Abin da ya yi da labari, mu ma za mu iya yi da kari. Marubucin da ya saurari bugun bakwai na Indiya da na tara na Turkiyya zai dawo ya ji gaɓa mai nauyi da marar nauyi a baitinsa da sabon kunne, ya kuma gane dalilin da ya sa wata jimlarsa ke tuntuɓe in an karanta ta a bayyane.

Saboda haka ga ɗan aiki ga mai sha'awa kafin mako mai zuwa. Ka je wurin tsohuwar da ta fi kusa da kai, ka roƙe ta waƙar daka ko ta reno guda ɗaya, ka naɗa a waya, ka rubuta ta da ƙugiyoyinta cif. Sannan ka saurari kiɗa ɗaya daga ƙasar da ba ka taɓa tunanin sauraro ba, tare da yaro in da hali, ka bar shi ya fara tambaya. Daga nan ka rubuta baiti takwas naka na kanka da za su koya wa ɗan shekara biyar abu guda ɗaya. Ka rera masa sau biyu, kada ka ce ya haddace. In washegari ka ji shi yana rerawa a bakin famfo ba wanda ya sa shi, aikinka ya yi. In ba ka ji ba, ka koma kan karin, yawanci a nan matsalar take.

Hausawa suka ce kunne ya girmi kaka, domin yana jin abin da ya faru tun kafin a haifi kakan. Yana kuma zuwa inda ƙafa ba ta taɓa takawa ba. Yawancin yaran unguwanninmu ba za su ga Bamako ko Salvador da ƙuruciya ba, amma minti ashirin da babba mai haƙuri sun isa su kai su. Allah Ya raya mana zuri'a bisa tarbiyya, Ya sa alƙalumanmu su amfane su.

Sai mun haɗu a mako na gaba, in Allah Ya kai mu.